Warin da na yi ta nema a kwatar maƙwabciyata

Shekarun baya, tun kafin in shiga makarantar manya har in iya rubuta muku wannan da hannuna, haƙorina na sama, can ciki, ya fita. Ɗana da ke aiki a Kano ya kai ni aka yi mini dashe. Ƙaramar ƙusa ake kafawa a ƙashi, in ta kama sai a ɗora haƙori. Likita ya ce in dawo a duba. Na iso Haɗeja na tarar ruwa ya janye, kifi ya samu, ni kuwa bandar kifi ce sana'ata. Ban koma ba.

Sai wani wari ya fara bi na. Na zazzagi masuncin da ke kawo mini tarwaɗa daga Baturiya, na ce ruɓaɓɓe yake haɗo mini. Na wanke randa, na shanya katifa. Daga ƙarshe na tsaya a tsakar gidan maƙwabciyata, wadda muke miƙa wa juna gishiri ta katanga, na ce kwatarta ta hana unguwa numfashi. A gaban 'ya'yanta.

Ta yashe kwatar. Wari yana nan. Da na koma da sabon faɗa, sai ta ja ni zaure.

"Yaya, kowa tsoron bakinki yake yi. Warin nan tare kuke shigowa, tare kuke fita."

"Ni?"

"Ke. Kuncinki ma ya tasa."

A asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya ce, "Mama, ƙusar ta zame ta faɗa kogon da ke bayan kunci, wurin ya tara mugunya."

"Fuskar tawa za ku tsaga?"

"A'a, ta hanci za mu bi."

Suka sa ni barci, suka zura siririn bututu mai fitila da kyamara, suka zaro ta. Na farka da auduga a hanci, ga maƙwabciyata a bakin gado da kwanon kunu.

"Sannu, Yaya. An yashe kwatar?"

Dariya babu hali, kuka babu hali. Na ja mayafi na rufe ido.

Ciwon ya daɗe da warkewa. Abin da har yau yake sa ni sunkuyar da kai shi ne unguwa guda ta sani, amma bakina ya hana kowa ya cece ni, sai wadda na fi ci wa mutunci. Faɗa dai ban daina ba, kada in yi muku ƙarya. Amma yanzu in na ji wari, hannuna nake fara hurawa in shinshina.