Watan da Maigidana Ya Daina Fita Ciyayya

Maigidana yana da ɗan kamfanin raba intanet a Dutse. Eriya yake kafa wa mutane a saman kwano, su riƙa biya duk wata. Tun da ya karɓi lasisi ya gaya min sharaɗin da ke ciki: dole ya ajiye wata na'ura da jami'an tsaro za su bi ta cikinta su ga abin da mutum ke aikawa, in sun zo da takardar alƙali. In kuwa sun zo, ba shi da ikon faɗa wa kowa. Na ce to, na ci gaba da tankaɗena, don ban zaci abin zai shafi gidana ba.

A ƙofar gidanmu mazan layi ke ciyayya bayan magariba. Cikinsu akwai amininsa, wani Alhaji Bahaɗeje mai sayar da busasshen kifi. Tun kafin aurenmu kwano ɗaya suke sa hannu, kuma gidan Alhajin aka fara kafa wa eriya.

Rana ɗaya kawai maigida ya ce in ajiye masa tuwonsa a ɗaki. Washegari ma haka. Alhaji ya yi sallama da kansa, maigida ya ce in ce yana aiki. Unguwa ta ɗauka, wai ya yi kuɗi ya fi ƙarfin tabarma. Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce, "Mutumin da ya raka ka neman aurena za ka wulaƙanta? Wallahi ka ba ni kunya." Ya dube ni, duk ya rame, ya ce, "Ki yi haƙuri."

Sai da aka kama wani ɗan haya a gidan Alhaji sannan magana ta fito a kotu. Ashe da intanet ɗin gidan yake tura wa mutane saƙon barazana, shi ya sa aka kawo wa maigida takardar alƙali, aka sa wa layin ido. Alhaji ya fita fes.

Da Alhaji ya zo wurin maigida, na laɓe a bayan ƙofar zaure, ban kuma ji kunyar laɓewar ba.

"Ashe da hannunka ka buɗe musu," in ji Alhaji.

"Da hannuna, Alhaji. Doka ce, kuma na yarda da ita tun farko."

"Ko ido ba za ka ƙifta min ba?"

"Ba zan ƙifta ba. Abin da na kasa shi ne in sa hannu a kwano ɗaya da kai, ina dariya kamar ba komai."

Alhaji ya ce Allah ya kyauta, ya tashi. Bai yafe ba. Ya aiko a cire masa eriya, maigida ya hau kwanon da kansa ya kwance ta. Yanzu gaisuwar masallaci ce kaɗai tsakaninsu, kuma ban taɓa jin maigida ya kare kansa a gaban kowa ba. Na ji tausayinsa, girmansa kuma ya ƙaru a idona.

Da na gama ba shi haƙuri, tsokana ta motsa. Na ce, "To da a kan layina takardar ta zo fa?"

Ya ce, "Da sai ki ga na daina cin tuwonki."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.