Nonon Goggo Hanne

Kaka Dije ba ta san tatsuniyar dariya ba. A gidanmu na Wudil, in an sauke tuwo an yi isha'i, sai mu kewaye murhu, ni da Hassana 'yar tagwaicina da sauran jikoki, ita kuma tana tona mana dankali a toka. Ko sallamar tatsuniya ba ta yi. Gyaran murya kawai, mu kuwa sai mu ƙanƙame juna.

Wadda ta fi maimaitawa ta wani masunci ce da ya auro yarinya daga ƙetaren kogi. Ba wanda ya tuna cewa a shekarar wata annoba mace ɗaya ce ta shayar da su. Da suka haihu, jaririn ya ƙi kama nono. Aka tatsa a ƙoƙo, sai ga jini. Wata tsohuwa ta leƙa ƙoƙon, ta ce, "Wa da ƙanwa kuka haɗa." Masuncin ya tura kwalekwalensa tsakiyar ruwa, da hantsi kwalekwalen ya dawo ba kowa.

"Jini kowa ya san nasa," in ji Kaka. "Nono ake mantawa."

Daga nan sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana faɗin wanda ya sha nonon wance. Mu tagwaye, da innarmu ta kwanta ciwo, ɗayarmu aka kai wa Goggo Hanne ta Indabo. Kaka takan nuna wadda aka kai ɗin. Ni kuwa lokacin kaina nake cusawa a zanin Hassana saboda tsoro, ban taɓa ganin wadda take nunawa ba.

Bara Auwalu ya zo neman 'yata Zainab. Da aka tashi bincike, Nura ɗan ƙanena ya buɗe salsalar dangi da ya haɗa a intanet, har da hotuna. Ga Auwalu nan ƙarƙashin Hajiya Rabi ta Kano, danginmu na nesa. Muka ce alhamdulillahi, tuwona maina. Aka ɗaura.

Sai kwanan nan a wajen wata ta'aziyya a Dagumawa, wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Ashe autan Hanne kuka ba Zainab? Allah sarki, wajen haihuwarsa ta rasu, ƙanwarta Rabi ta ɗauke shi."

In ni ce na sha nonon Hanne, Auwalu ƙanena ne, kawun Zainab. Ga yarinya da tsohon ciki.

Na tambayi Nura inda ya samo cewa Rabi ce uwar Auwalu. Ya ce, "Goggo, a salsalar wani na kwafo, shi ma ina jin kwafowa ya yi." Kowa ya ga wadda ta riƙe yaro ya rubuta uwa. Shayarwa kuwa ko gurbinta babu a shafin.

Kaka ta rasu, inna ta rasu, Hassana ma ta riga ni. Sai yanzu na gane ba don ta tsorata mu take ba mu labarin ba, ajiya take ba mu, ni kuma na rufe ido. Malamin da na tambaya ya ce shakka ba ta raba aure. Na ji, amma tsoron bai sake ni ba.

Jiya Nura ya kira ni. "Goggo, in mayar da Auwalu ƙarƙashin Hanne? Dangi duk za su gani, har Zainab."

Na ce ya bari ta sauka lafiya tukuna.