Rishon da Muka Binne a Mina

Ƙanin mijina ya kashe mini risho da gishiri. Ban ce da gangan ya yi ba, amma ban yafe ba tukuna, kuma duk mai zuwa ba ni haƙuri ya tsaya daga bakin ƙofa.

Ga wanda bai san ni ba, tun rasuwar mijina da risho nake ci. Nan Makka dafur ake ce masa, na tagulla mai ƙafa uku, wanda ake buga wa famfo. Idan alhazai sun watse nakan bi in tsinci waɗanda suka yar, in wanke, in sake fatar famfo, in buɗe hancin da allura, shekara ta zagayo in ba masu girki haya a Mina. Bara ciwon ƙafa ya kwantar da ni ranar saukowa, ga jaki ya yi wuya. Sai ƙanin mijina ya ce zai binne su a gindin dutse, yadda Takari masu tuwo ke binne tukwanensu. Da Shawwal ya kama na ce a je a tono in fara gyara. In babu su, ni da jikokina marayu sai wankau a gidajen mutane, ƙafar nan kuwa ba za ta iya ba.

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwarmu Misfala, ni da shi da wata maƙwabciyata da jakin haya. Gefen Harami duk ƙura, ana rushe gidaje don a faɗaɗa masallaci. Gidan da na fara kwana a garin nan ya zama tsibin duwatsu, wata mage na zaune a kai. Muka sayi tamis, gurasar garin nan, da zafinsa muka ƙulle a zane. Hanyar yanzu an zuba mata kwalta, motocin lodi na wucewa suna hura mana ƙaho. Jakin ya ƙi hawa kwaltar sam, gefe yake bi cikin yashi, mu ma dole muka bi ra'ayinsa.

Mun huta a wata rumfar gahawa bayan gari. Shayin da ake sha a Misfala shi ne nan, sai dai kuɗinsa ninki ne, ruwan kuma yana ɗanɗanon salka. Mai rumfar ya tambayi inda za mu, da muka ce Mina ya dube mu kamar mun ce za mu kasuwa ranar da ba ta ci.

Wanda ya san Mina lokacin Hajji kaɗai bai san ta ba. Gidajen duk a kulle. Ba tanti, ba talbiyya, sai ƙasusuwan hadaya sun yi fari a rana, da warin takalma, da shirwa a sama. Ƙanin mijina ya yi ta zagaye, kowane dutse ya gani sai ya ce shi ne. Rana ta take kafin fartanya ta bugi abu.

Wari ne ya fara fitowa. Sai na ga gashin rago.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Fatu ne, Yaya. Ga su nan birjik an yanka an zubar. Na naɗe kowanne da tasa, na zuba gishiri sosai don kada fatar ta ruɓe."

"Gishiri? A jikin ƙarfe? Kilishi na ba ka ajiya?"

"To ai fatar ba ta ruɓe ba."

Da gaskiyarsa, ba ta ruɓe duka ba. Ruwan sama ne ya sauko ta kwarin lokacin sanyi, ya narkar da gishirin, fatar ta riƙe laimar ta manna wa tagulla wata da watanni.

Na jera su a inuwar dutse yadda na saba, tsofaffi daban, yara daban. Na kafin babban yaƙi suna da nauyi a hannu, kuma akwai harafin Nasara a gindinsu, kowace shekara da nata. Da su na fara gane boko, ina da furfura. Gishiri ya cinye haruffan, sai kore-kore kamar gansakuka. Na lokacin yaƙi dama tagullarsu siririya ce, an yi su cikin rowa. Waɗannan sun zama rariya, babban yatsana ya shige cikin ɗaya. Sauran na riƙa toshe bakin ina hurawa, ina kara kunne. Duk wanda na hura sai in ji iska na fita ta wani wuri. Ƙafafun sun yi tsatsa, dalmar da ta riƙe su ta saki.

Fata na iya, allura na iya. Liƙin dalma ban taɓa yi ba, aikin samkari ne, wato maƙerin dalma, kuma ladansa a kan risho ɗaya ya fi abin da rishon zai kawo mini a shekara.

Maƙwabciyata ta ce, "Hajiya, ki yi kuka mana, ko kya ji sanyi."

Na ce, "Da wane ruwan? Miƙo tamis ɗin."

Muka ci shi ya bushe. Waɗanda suka mutu murus na mayar ramin na rufe. Masu sauran rai muka ɗora wa jaki. A hanyar dawowa tagulla sai ƙara take tana bugun juna. Ƙanin mijina ya so in hau jakin saboda ƙafata, na ƙi. Mun shigo Misfala dab da magariba, masu tsire sun fara hura wuta, jikokina suka tarye ni suna tambaya ko duka sun dawo. Na ce wasu.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Shekara da shekaru ina cewa ni mai gyaran risho ce, ashe rabin sana'ar na riƙe, ɗaya rabin yana hannun maza a layin samkarai. Kuma ba mugu ne ya cuce ni ba, mai son taimako ne.

Da gari ya waye na ɗauki mafi nauyi a cikinsu na nufi layin samkarai. Na sami wani tsoho yana hura gawayi, na zauna a dokin ƙofarsa.

Ya ce, "Ajiye, ya Hajja, ki dawo jibi."

Na ce, "Ba gyara na kawo ba. Nuna mini za ka yi."

Ya ce nan ba wurin zaman mata ba ne. Na miƙe ƙafar mai ciwo, na jawo zugazugin gabana, na fara hura masa wutar.