Ranar da Na Shanya Sunayen Marasa Lafiya

Ko daga barci aka tashe ni ba zan manta da wata Talata a damina ba, ranar da na kusa tona asirin rabin mutanen Chanchaga a nan Minna. Ku sababbin shiga nake ba labarin, don na ga kuna da irin gaggawar da nake da ita a lokacin.

Ina mataimakiyar jami'in kwamfuta ne a wani asibiti mai zaman kansa, ƙarƙashin Oga Bitrus, shugaban sashen ajiye bayanai, mutumin Garatu. Manhajar da muke rubuta marasa lafiya da ita irin buɗaɗɗiyar nan ce. Kowa na iya ganin cikinta, wanda ya ga gyara ya yi ya aika, masu kula da ita su duba su karɓa. Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya: ba ta karɓar mutum sai da cikakkiyar ranar haihuwa, alhali tsofaffinmu shekarar ma kintata ta suke yi. Na ce ni zan gyara, a ga sunana cikin masu gyara.

Kafin ka taɓa irin wannan manhaja, sai ka kafa kwafinta a kwamfutarka tare da duk ƙananan manhajojin da take dogara da su, ka gwada gyaranka a nan. Kwana uku na yi ina fama. Wannan ta ce sai an sa waccan, waccan ta ce ta tsufa, ana tsaka da saukewa a ɗauke wuta. Matakin ƙarshe shi ne sauke bayanan gwaji, wato sunayen ƙarya da aka tanada don a yi ta jagwalgwala su. Na ga girman fayil ɗin, na dubi ragowar datata, na ja tsaki. Ga na gaske a ofis, me zai kai ni? Na sa filas, ɗan abin nan na ɗaukar bayanai, na kwafo bayanan marasa lafiyarmu, na zuba a inda nake aikin.

Gyara ya yi kyau. Wajen ƙarfe goma na safe na tura shi shafin da duniya ke gani, da umarnin da ke kwashe duk abin da ya tarar a wurin. Ban duba jerin abin da ya kwasa ba. Har kunun aya na saya na yi wa kaina barka.

Bayan azahar saƙo ya shigo daga ɗaya cikin masu kula da manhajar, wata mata a wata ƙasa. Ta ce wani fayil da ya biyo gyarana ya yi kama da na mutanen gaske, in yi sauri. Na buɗe shafin na duba. Suna, lambar waya, unguwa da ciwon kowa, duk a fili tun safe. Kun san Minna, in ba ka san mutum ba ka san surukinsa.

Na goge fayil ɗin na sake turawa. Ta ce wannan bai isa ba, don shafin yana ajiye tarihin duk abin da ya taɓa shiga, sai an kankare tarihin kansa. Tana rubuto mini mataki-mataki, ina bi, sau biyu ina kuskuren umarni. Sai bayan la'asar ta ce masu shafin ma sun share nasu. Na tambaye ta ko wani ya riga ya sauke. Ta ce babu mai iya rantse mini.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciya ta raya mini in yi shiru, tunda Oga Bitrus ko leƙa shafin ba ya yi. Na jima a zaune ina kallon ƙofarsa kafin na tashi na shiga, na faɗa masa komai a tsaye.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama Hauwa, duka fayil ne, ko rabi?"

Na ce, "Duka, Oga."

Ya cire tabarau ya ajiye. "To, na Madam yana ciki ke nan. Shekara da shekaru makulli yana hannuna, ban taba bude nata ba. Abin da ta fada ma likita, nata ne da likita."

Madam matarsa ce, ita ma a asibitinmu take ganin likita. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Tare muka kai rahoto wa babban likita. An ba ni takardar gargaɗi, an karɓe mini izinin shiga rumbun bayanai na wani lokaci, aka kuma sa ni cikin masu kiran mutane ɗaya bayan ɗaya ana sanar da su. Wasu sun zage ni, kuma sun yi daidai. Lambar Madam kaɗai Oga ya ce a bar masa.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a abin da ka tura ya fita hannunka, ko da ka bi shi da gudu. Ku sauke bayanan ƙarya komai girmansu, ku karanta jerin kafin ku tura. Har yau in na haɗu da Madam a kasuwa tana amsa gaisuwata da fara'a, ni ce ba na iya haɗa ido da ita.