Injiniyar Ɗakin Ƙasa

Asalinta ƙasa ta karanta, wato yadda laka ke nutsewa idan aka ɗora mata gini. Wani tsohon malaminta ne ya ce mata ƙwaƙwalwar mutum ma haka take, laushi gare ta, jiƙe take da ruwa, in an danna ta sai ta gusa a hankali. Da wannan magana ya ja ta zuwa wani ɗaki a ƙasan asibiti, kusa da wurin wanki, mai taga ɗaya da ke kallon tayoyin motoci.

Aikinta shi ne ta karɓi hoton kan majiyyaci, ta gina ƙwaƙwalwarsa a kwamfuta, ta lissafa inda naman zai zame idan likita ya buɗe ƙoƙon kai. Su uku suka fara. Malamin ya rasu, ɗayan ya samu aiki mai tsoka ya kama gabansa, aka bar ta da kujeru ba mazauna.

A gida ba wanda ya gane kan aikin. Gwaggonta kullum da kukan ciwon kai take tarbarta, in ta ce ita ba likita ba ce, tsohuwar ta taɓe baki ta ce rowa ce kawai. Yayanta kuwa bakanikiyar kai yake ce mata. Tun tana bayani har ta gaji ta koma murmushi.

Wata rana likitan tiyata ya aiko da hoton wani dattijo mai ƙari a wuri mai wuyar kai hannu. Ta daɗe a kansa, har ta haddace kowane lungu. Ta nemi a bar ta ta kalli aikin, aka ce ɗakin ya cika. Da aka gama likitan ya leƙo, ko zama bai yi ba, ya ce naman ya gusa daidai inda ta faɗa, ya wuce. Ta ɗauki waya, ta bi sunaye daga sama har ƙasa, ta rasa wanda za ta ba labari, ta ajiye.

Ranar sallamar dattijon ta ji nas ta kira sunansa a baranda, ta juyo. Ga shi kai a naɗe, jikarsa na riƙe da shi.

"'Yata, ina ƙofar fita?"

"Mu je in raka ku, Baba."

Ta rage tafiyarta daidai da tasa. Ya yi ta ba ta labarin tattabarunsa, wai yana tsoron jikoki sun bar su da yunwa, yana yi yana sa wa likita albarka. Ba ta gaya masa da hannunta a aikin ba. A bakin ƙofa ya yi mata godiya, ya ce ta gaida mutanen gida. Ta tsaya har motarsu ta sha kwana, sannan ta juya ta koma ciki.