Wayar da ke Kwana a Gwangwanin Madara

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon Lahadi a filin da muke taruwa a bayan unguwar Glenwood a Greensboro ya san dokar Malam Issaka. Da zarar an idar da sallar Juma'a sai ya koma gida, ya saka wayarsa cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya rufe, ya miƙa wa matarsa Anti Kouloussoum. Ba zai sake taɓa ta ba sai ya busa usur na ƙarshe ranar Lahadi. Ba ya kashe ta, domin tsohuwarsa tana Tahoua, kuma ba a san abin da zai taso ba. Idan ta yi ƙara Anti ce ke duba suna. Shekara goma sha ɗaya yana alƙalancin wasanninmu, ba wanda ya taɓa jin muryarsa a waya tsakanin Juma'a da Lahadi. Sai ni.

Wannan ɗabi'a daga Italiya ya zo da ita. Ya bar Tahoua yana saurayi, ya bi ta Libya, ya ƙare a Turin yana ɗaukar buhunan fulawa a wani gidan burodi. Mai gidan ba ya kama komai a rediyo sai wasan Juventus, shi ma Malam ya kamu. Yana can a shekarar 2006 aka fito da kiraye-kirayen waya da aka naɗa, aka yi zargin cewa manyan kulob suna sa baki wajen zaɓen alƙalan wasa. Aka ƙwace wa Juventus kofi biyu, aka mayar da su rukuni na biyu. Ya ce ya ga maigidansa, ƙaton mutum mai furfura, yana kuka hawaye na ɗiga cikin kwaɓin fulawa. Bayan 'yan shekaru ya ci bizar Amirka, ya sauka Greensboro, ya sami aikin tuƙa injin ɗaga kaya a wani katafaren sito da ke Wendover. Har yanzu can yake.

Mutane ba sa barinsa ya huta. Shekari, kyaftin ɗin ƙungiyar 'yan coci, yana hango shi zai ɗaga murya, ya kira shi da sunan alƙalin wasa a Faransanci.

"Baba arbit! Ina labarin ɓarayin kofi?"

"Ɗan Kaduna, ni ban ce ba su yi ba," in ji Malam yana ɗaure igiyar takalmi. "Cewa na yi a kunna duka kiran. An ji na wasu, an bar na wasu a akwati. Wannan shari'a ce?"

"To da an kunna duka fa?"

"Da wataƙila Italiya gaba ɗaya ta koma rukuni na biyu, mu huta."

Ni sunana Zabeirou. Na gama jami'a a watan Mayun bara, na zauna a gidan Mama ina aika takardun neman aiki ba amsa. Da aka ga ina da kwamfuta kuma ba ni da abin yi, aka naɗa ni sakataren gasar. A Satumba aka kai wasan ƙarshe: ƙungiyarmu ta 'yan Nijar da ta su Shekari. Ƙanina Lamine shi ne ɗan gabanmu, kuma duk wasa sai an sare shi sau biyar ko shida.

Ranar Asabar da hantsi na kira Malam Issaka. Na san dokar. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Ina jin so nake a ce ni ma na yi wani abu a wannan shekara. Na kira ba a ɗauka ba, na sake, na kuma sake. Anti Kouloussoum ta ga sunana har sau uku, ta san Mama tana fama da hawan jini, sai ta kai masa wayar da gudu.

"Zabeirou, lafiya? Hajiya ce?"

"Lafiya lau, Baba. Dama cewa zan yi gobe a ɗan sa ido a kan Lamine. Suna dukansa da yawa a cikin da'ira, ba a gani."

Ina jin ƙarar tukunya daga kicin ɗinsu. Sai ya ce, "Allah ya shirye ka," ya kashe. Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Lambar tana nan a wayata, na kasa gogewa.

Ranar Lahadi ana ɗaya da ɗaya, saura minti takwas, Lamine ya kutsa cikin da'ira, Shekari ya biyo shi, Lamine ya faɗi. Malam ya busa, ya nuna fenareti. Muka ci. 'Yan coci suka yi ihu, amma ba wanda ya zarge shi, domin Malam Issaka ne. Shekari da kansa ya zo ya ba shi hannu yana cewa, "Ban taɓa shi ba, Baba, amma tunda kai ka gani, shi ke nan."

Wannan maganar ce ta hana shi sukuni. Washegari ya rubuta wa kwamitin gasa cewa wani daga ɓangaren da ya ci ya kira shi kafin wasa. Ya ce kamata ya yi ya janye tun ranar Asabar, amma ya ɗauka zuciyarsa ta fi ƙarfin kira ɗaya. Ni na karɓi saƙon, tunda ni ne sakatare. Ni kuma na tura wa sauran da hannuna.

Shugaban kwamiti, Alhaji Chaïbou, ya tambaye shi wanda ya kira. Ya ƙi faɗa. Aka dakatar da shi, aka karɓe usur ɗinsa. Daga nan baki ya buɗe. A guruf ɗin WhatsApp wani ya ce an saye shi, wani ya ce dama wanda ya koyi ƙwallo a Turin me ake tsammani. Aka tono fenaretin shekaru biyar baya. A masallaci mutanen da ke rububin gaisawa da shi suka koma ɗaga hannu daga nesa. Mako biyu ina karanta wannan duka. In na zauna gaban kwamfuta sai in miƙe, in na fita da keke sai in ga na zagaya Glenwood sau uku ban san inda za ni ba. Wata 'yar coci, Martha, ta ɗauki bidiyon faɗuwar, na kalle shi ya fi sau ɗari. Daidai lokacin da ƙafar Shekari ta kusanci ta Lamine, kan wani ɗan kallo ya tare.

Ranar wata Laraba na hau bas zuwa Wendover lokacin hutunsa na rana. Na same shi a filin ajiye motoci, zaune a motarsa ƙofa a buɗe, yana cin shinkafa da wake daga kula.

"Sakatare," ya ce. "Ka ci abinci?"

"Baba, me ya sa ba ka faɗi sunana ba?"

"Kada ka ɗauka don kai ne. Hajiya ce ta riƙe Kouloussoum da muka zo garin nan ba mu san kowa ba."

"To amma fenaretin gaskiya ne, ko? Ka gani?"

Ya ajiye cokali. "Abin da nake tambayar kaina ke nan. Na ga yaro ya faɗi. Amma da idona na gani, ko da kunnena? Da ba ka kira ba, da na sani." Ya rufe kular. "Shekara goma sha tara ina cewa a kunna duka kiran. Ga shi nawa ya zo, ni ma na kunna rabi."

Ranar Asabar kwamiti ya zauna a falon Alhaji Chaïbou a Pleasant Garden, mutum bakwai, ga Shekari, ga Lamine, ga Malam a kujerar bakin ƙofa. Ni ke rubuta bayanin taro. Da aka zo maganar a kore shi gaba ɗaya, na ajiye biro, na ɗora wayata a kan tebur, na nuna musu kiran. Na maimaita abin da na ce masa kalma da kalma, da abin da ya ce mini. Sai da Alhaji ya ce in ɗaga murya in sake faɗa.

Shekari ya juyo ya dube ni. "Kai ɗin? Da digirinka?"

Alhaji ya juya ga ƙanina. "Lamine, tsakaninka da Allah, an taɓa ka?"

"I don't know, Alhaji," in ji Lamine, idonsa a ƙasa. "Na ji wani abu. Ina gudu ne."

Aka yi musu har la'asar. Wasu suka ce a ba 'yan coci kofin, Shekari ya ce ba ya son kofin falo. A ƙarshe aka karɓe shi daga hannunmu, aka ce bana ba zakara. Ni aka cire ni daga sakatare. Malam kuwa aka rubuta cewa ba wanda ya saye shi, aka kuma yarda da ƙuri'a huɗu da uku ya koma bakin aiki. Alhaji ya ciro usur ɗin daga aljihu ya miƙa masa.

Bai karɓa ba. "Laifin shirun Asabar nawa ne," ya ce. "Ku riƙe shekara guda. Juventus ma shekara guda suka yi a ƙasa."

Shekari ya tuntsire da dariya, shi kaɗai.

An fara sabuwar gasa a watan Afrilu. Wani malamin makaranta ɗan Ghana ke busa usur. Malam Issaka yana zuwa kowace Lahadi da kujerarsa mai naɗewa, ya zauna a gefen layi, mutane sun koma zuwa gaishe shi, ko da yake akwai biyu ko uku da har yanzu daga nesa suke ɗaga hannu. Ni ina tsayawa can ɗaya gefen. Makon jiya Anti Kouloussoum ta zo duba Mama, na tambaye ta ko yanzu da ba ya alƙalanci ya bar maganar gwangwani.

"Ina fa," ta ce. "Jiya ma ya miƙo mini. Ya ce in na ga sunanka in ɗauka da kaina, in tambayi jikin Hajiya, in kashe."