Sanduna Biyu Zuwa Wurin Inna

Assalamu alaikum. Masu cewa na ɓace tun bara, ga ni. Ban mutu ba, kuma ban gudu da waken kowa ba. Jinya na yi.

Abin ya fara ne a kasuwar Dungas. Na sunkuya zan ɗaga buhun wake, na ji wani abu ya tsarga daga ƙuguna har ɗan yatsan ƙafar hagu. Na ce iska ce. Aka yi ƙaho, aka yi tausa, na ci gaba da hawa kabu-kabu.

Wata safiya takalmi ya fita daga ƙafata a hanya, ban sani ba sai da wani ya kira ni.

A Magariya aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka tura ni Damagaram. Can na'ura ta nuna ƙashin baya ya danne jijiya. Likita bai yi kwana-kwana ba: "Ko aiki, ko ka rasa ƙafar nan." Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Bijimina biyu suka tafi a kuɗin aiki da magani.

Asibiti kuwa kun san shi. Allura da asuba, awon jini, a juya ka kamar waina. Da za a sallame ni likita ya hana ni hawan moto, wato babur, da amalanke har sai ya ba da izini. Ya ce tafiyar ƙafa ce maganina.

To, a nan matsalar take.

Mahaifiyarmu, Inna, tana garin gonarmu, bayan jigawa, inda mota ba ta shiga. Ta tsufa, idonta ya tafi, ba ta iya doguwar tafiya. Yayana Habu kullum ya je sai ya ce mata, "Da sauƙi, Inna." Haka muke yi wa tsofaffi. Amma haka aka yi ta gaya mata game da Baba, da sauƙi, da sauƙi, har aka kawo gawarsa.

An sa mata waya a kunne. Ta ce murya ba ƙafa ba ce, in da gaske ina raye in zo. Daga nan ta rage cin abinci. Habu ya ce min fura ma sai an yi faɗa take kurɓa.

Mai koya min motsa jiki a Damagaram, wadda muke kira Madam kine, ita ta ce in nemi sandunan tafiya marasa nauyi, irin masu shigewa cikin juna. Wurin 'yan gwanjo na samu. Na dawo gida na gyara su da kaina, tunda ai da sanda a hannu na tashi.

Na ja guda har ta kai min haɓa, tsawon sandar kiwo. Ɗayar na jingine ta, don namiji da sanda biyu sai a ce ya gama yawo. Ɗan faifan da ke ƙasa na cire na ba yara, na ɗauka ado ne.

Na fita gwaji bayan gari. Sanda ta nutse cikin rairayi, na bi ta. Mata masu ɗaukar itace suka tashe ni. Kafaɗa ta kumbura, baya ya dawo sabo.

Da na koma, Madam ta juya sandar, ta dube ni. "Malam Laminu, shanu za ka kora ko tafiya za ka yi?"

Ta sa na tsaya cik, ta rage tsawon har damtsena ya sauka a jikina, hannuna ya miƙe gaba kamar mai karɓar ƙwarya. Ta nuna min yadda ake shigar da hannu cikin igiyar ta ƙasa, don nauyi ya hau wuyan hannu, yatsu su huta. Sandar dama ta tafi tare da ƙafar hagu. In za a hau tudu a rage, in za a gangara a ƙara. Sai ta tambayi ina ɗaya sandar, da faifan da ke hana ta nutsewa a rairayi. Na ce sandar na gida, faifan na hannun yara. Da na dawo gida sai da na bi yaran unguwa da alewa kafin su fito da shi.

Na fara da masallaci, sai bakin kasuwa, sai rijiyar bayan gari. Abokan shayi suka sa min suna mai ƙafa huɗu. Na bar su.

Ranar tafiya muka fita bayan asuba, ni da Habu. Na huta a gindin gawo ban san sau nawa ba. A tsakiyar jigawa ƙafar ta yi sanyi, na zauna ina tunanin ko shi ke nan. Ta sake ni, muka ci gaba.

Inna tana zaune a inuwar rumbu. Na yi sallama, ba ta amsa ba. Ta ce in matso. Ta laluba fuskata, ta bi kafaɗa, ta sauka har tafin ƙafa, ta matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta amsa sallamar.

Ta juya wajen matar Habu. "Ke, ba kwa dama fura a gidan nan ne?"

Na gode wa Allah. Na gode wa Habu da matata Rabi, da likitoci, da Madam, da ku da kuka yi ta addu'a.

Mai ciwon baya da ke sauka ƙafa, kar ya tsaya ƙaho, ya je asibiti. Mai sayen sandunan nan ya ɗauki mai makulli da ake ɗanawa, don mai murɗawa rairayi na cushe ta. Ya jingina da ƙarfinsa a gaban mai kaya, ya ga ba ta zamewa. Ya riƙe biyu, kunya ba ta tashin wanda ya faɗi. Tsofaffinku kuma ku riƙa gaya musu gaskiya daidai yadda za su ɗauka. Sun daɗe da sanin abin da ke bayan "da sauƙi".

Daga baya na saya wa Inna guda, na gyara mata daidai hannunta. Da na koma na tarar ta sa an ja ta har haɓa, tana korar awaki daga bakin rumbu.

Na bar mata ita a haka.